Lungun da motar kwana-kwana ta kasa shiga

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun daren Talata nake son rubuta wannan, zuciyata ba ta natsu ba sai yau.

Gobara ta tashi a gidan maƙwabcina, gida na uku daga nawa, a shiyyarmu can bayan Mabera a nan Sakkwato, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Waya ce ta haɗu a cikin silin. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, ta katangar baya muka riƙa miƙo yara ɗaya bayan ɗaya. Amma ɗaki uku sun tafi, har da kayan ɗakin ɗiyarsa da za a kai bayan Sallah, da buhunan geron da ya ajiye na shekara.

Ga abin da ya hana ni barci. Mun kira 'yan kwana-kwana, kuma sun zo. Ina so kowa ya ji wannan da kyau, sun zo. Amma sai da muka daɗe a waya muna kwatance: ka wuce masallaci mai koren fenti, ka bar mai shayi a dama, ka shiga kwana ta biyu. Mai shayi kuwa ya tashi tun sha ɗaya. Sai da wani yaro ya hau kabu-kabu ya je bakin titi ya taro su. Da suka iso bakin lungu mota ta tsaya cik. Dakalin wani ya ci hanya ta dama, sokawen wani ya ci ta hagu da murfinsa na siminti, ga turken wuta a tsaye kusan tsakiya. Direba ya sauko da tocila ya haska murfin nan, ya ce in ya taka shi mota za ta rufta. Suka ja mesa iyakar tsawonta, ba ta kai ba. Da bokitai da jarkokin 'yan ga-ruwa muka kashe wutar, muna jin ƙugin motar a bayanmu cike da ruwa.

Da gari ya waye na ɗauko tef na auna. Inda lungun ya fi faɗi mita uku ne da 'yan kai. Wurin dakalin nan bai kai biyu da rabi ba. Na sayi fulotina a 2011, kuma wallahi a lokacin tifa ce ta sauke min yashi har ƙofar gida.

Don haka nake tambaya: wa ya cinye hanyar? Kuma wa ke da alhakin dawo da ita?

Maman Ihsan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar masa da mafificin alheri, ya tsare gaba. A gaya mana abin da amaryar ta rasa, mu mata za mu ga abin da za mu iya.

Ɗan Marina:
Allah ya kiyaye gaba. Amma Abu Hafsat, amsar tambayarka a fili take, aikin gwamnati ne. Ita ke da ƙasa, ita ke da ma'aikata, ita ke da katafila. Talaka ya samu inda zai sa haƙarƙarinsa, sai kuma a ce shi zai zana titi? Ranar 19 ga Janairun 2021 duk mun tsaya muna kallon babbar kasuwa tana ci da wuta, aka yi jaje, aka yi alkawura. Ashe darasin bai isa lungunanmu ba.

Injiniya Nasiru:
Jaje gare ku Abu Hafsat. Ɗan Marina, ban ce gwamnati ba ta da nata kason ba, amma bari in kai ka inda ɓarnar take farawa, don na auna filaye da yawa a gefen garin nan.

Tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka yanka gona aka mayar da ita fulotai, ranar ake yanke hukuncin ko motar asibiti za ta shiga shiyyar nan bayan shekara ashirin ko ba za ta shiga ba. Ku yi lissafin da ni. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100, wanda muka saba, kusan mita 15 da 30 ne, wato murabba'in mita 450. In ba ka bar hanya ko ɗaya ba, fuloti 22 za ka fitar. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, UN-Habitat, tana ba da shawarar a ware aƙalla kashi 30 cikin 100 na fili don tituna. In ka bi wannan, fuloti 15 za ka samu. Bambancin fuloti bakwai ke nan a kowace hekta. Waɗannan bakwai ɗin su ne dukan rigimar. Mai gona yana kallonsu a matsayin kuɗin da zai zubar a ƙasa, shi ya sa ake awon igiya, a bar ɗan siririn lungu a ce hanya ce.

Motar kashe gobara faɗinta kusan mita biyu da rabi ne, ban da madubi, kuma tana son wurin juyawa. In ana son mota biyu su gifta juna, mita shida ake nema. Ka ƙara lambatu hagu da dama, ka ƙara inda turken wuta da bututun ruwa za su bi, ka ga layin shiyya na kirki yana neman mita tara zuwa goma. Mu kuwa muna farawa da biyar ko shida, sannan kowane maigida ya ɗan ciza. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa sokawe a waje don kada ya ci masa tsakar gida, wani ya fito da shago, wani ya yi gangaren shigar da mota. Babu wanda ya ci fiye da taku biyu, amma a haɗe hanya ta ƙare.

Alhaji Garba Dillali:
Injiniya, na ji ana zagaye-zagaye, to ga ni, ni dillalin filaye ne shekara ashirin da wani abu, kuma ba na jin kunyar sana'ata. Kullum mu ake zagi. Amma ku tambayi kanku, wa ke zuwa wurina? Malamin firamare ne, da ɗan kabu-kabu, da bazawara mai marayu. In na ce masa ga fili mai takardar gwamnati da titi mita goma, ga kuɗinsa, sai ya yi min godiya ya tafi. In na ce ga na awon igiya rabin kuɗin, kuma zai biya sau uku, sai ya kama hannuna. Fulotai bakwai ɗin da kake cewa a bari, kuɗinsu kan sauran sha biyar zai hau. Mai gona ba zai yafe ba, gadon ubansa ne, kuma sau da yawa magada goma ke jiran rabonsu.

Sannan ku dubi yawan mutanen da suka shigo garin nan 'yan shekarun nan daga Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Mutum ya sayar da sauran shanunsa ya zo da mata biyu da ɗiya goma sha, yana neman ko rabin fuloti ne ya kafa ɗaki. In ce masa ya jira a zana taswira?

Injiniya Nasiru:
Alhaji, ban zage ka ba, Allah ya ba ka haƙuri. Maganarka ta masu gudun hijira gaskiya ce, kuma ita ce ma ta sa nake jin tsoro. Mutumin da ya tsere wa bindiga bai kamata mu zaunar da shi inda ruwa ko wuta za su ƙarasa shi ba. Ba sai an jira kwalta ba. A kafa turaku kawai, a ce daga nan zuwa nan hanya ce, ko da shekara goma za ta yi tana turɓaya. Turke ba shi da tsada. Rushe gidan da aka gama shi ne mai tsada. In fili ya yi wa talaka tsada, a rage girman fulotin, kada a rage hanya. Mutum zai rayu a ƙafa 40 da 60, amma ba zai faɗaɗa lungu shi kaɗai ba.

Alhaji Garba Dillali:
Wannan ta rage fuloti a bar hanya, na karɓe ta. Amma sai dukan dillalai sun yarda tare. In ni kaɗai na yi, mai gona gobe wurin wani zai kai.

Baba Duba-gari:
Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ka rubuta min wanga, idanu sun yi rauni, amma an karanta min duk abin da kunka ce.

Ni na yi aikin duba-gari har na aje. Zamanin da munka yi aiki, in munka shigo shiyya da safe, mata har rawar jiki suke su wanke randa, don in munka leƙa munka iske ƙwari a ruwa, maigida sai ya amsa kira. In munka iske mutum ya sako ruwan wanka bisa hanya, kwana ukku muke ba shi. Ba mu da mota, ba mu da kwamfuta. Abin da muke da shi, mai unguwa shina bayanmu, uban ƙasa shina bayan mai unguwa. Mutum bai isa ya aza tubali ɗaya waje da iyakarsa ba, maƙwabta su yi shiru.

Ku tuna wanga gari ba da ka anka gina shi ba. Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, anka yi mashi ganuwa da ƙofofi, Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Aliyu Jeɗo. Kowace ƙofa da inda hanyarta ta nufa, marina da wurinsu, maƙera da wurinsu, kasuwa da nata. Lungunan cikin gari matsattsu ne, gaskiya ne, amma don jaki da raƙumi da doki anka yi su, kuma sun ishe su. Ku da kunka zo zamanin mota, kunka koma yanka lungun da ko jaki da mangala sai ya karkace. Mi ya kawo haka? Kunya ce ta ƙare tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Yanzu kana ganin mutum shina haƙa rami bisa hanya, sai ka ce mashi sannu da aiki ka wuce.

Abu Hafsat:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganarku ta ƙarshe ta same ni. Ranar da ake haƙa sokawen da ya tare motar nan ina nan, har ruwan sanyi na aika wa leburori. Kuma tunda gaskiya muke nema, nawa sokawen ma a waje yake. Bai kai nasa fitowa ba, amma a kan hanya yake. Da na auna ranar Laraba, na auna har da ƙofar gidana, kuma na ga abin da na ci.

Malam Sidi:
Allah ya saka maka da alheri Abu Hafsat, faɗin gaskiya a kan kai ba ƙaramin abu ba ne.

Ina so in tuna mana cewa wannan magana ba ta injiniyoyi kaɗai ba ce, tana cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai. Zira'i kusan rabin mita ne, ka ga ana maganar mita uku da wani abu, a zamanin da raƙumi da kayansa shi ne babbar mota. Abin lura shi ne an auna hanya da abin da ke bin ta. To yau abin da ke bin ta motar asibiti ce da ta kashe gobara da makara a kafaɗun mutane. Kuma an ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. In ɗauke ƙaya sadaka ne, mai dasa siminti a hanya ya yi wa kansa hisabi. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Mutane suna ɗauka wannan a kan gonar wani ne kawai. Hanya ta fi gonar mutum ɗaya nauyi, don masu haƙƙi a kanta ba su ƙirguwa, ba ka san wa za ka nema yafiya ba.

Mu masu hawa mumbari ma da laifinmu. Sau nawa aka faɗaɗa masallacin shiyya aka ci hanya, muka yi shiru don aikin Allah ne?

Ɗan Marina:
Malam, na ji kuma na yarda. Amma kada a wanke masu mulki tas a shafa wa talaka. Ko kowa ya rushe dakalinsa, wa zai gina lambatu? Wa zai sa fitila? Wa zai sa wa layi suna har a daina kwatance da mai shayi?

Barista Hadiza:
Ɗan Marina, tambayarka tana da amsa a rubuce. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai gina da kula da tituna da fitilun kan titi da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa, akwai sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, akwai kwashe shara da samar da bayan gida na jama'a, akwai kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu. Wato abin da ya sa Abu Hafsat ya ɓata lokaci yana kwatance a waya, aikin ƙaramar hukuma ne da sunansa. Kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Don haka kansilan mazaɓarku ya kamata ya san fuskokinku.

Ɓangaren ƙasa kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filayen cikin birni shi ke ba da takardar mallakarsu. Akwai dokar tsara birane ta tarayya tun 1992, kuma jiha tana da hukumar tsara birane wadda aikinta ne amincewa da zanen unguwa da zanen gini kafin a aza harsashi. Takardar cinikin da aka rubuta a gaban shaidu tana nuna ka saya, ba ta nuna an amince da tsarin wurin ba. Mutane da yawa ba su san bambancin nan ba sai ranar da suka ga jan fenti a katanga.

Wani abin da ke dagula lamarin: abin da muke kira garin Sakkwato ya daɗe da fin ƙarfin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu. Arkilla tana ƙarƙashin Wamakko, Kwannawa tana Dange-Shuni, wani gefen ya shiga Kware. Ruwan sama bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. In wannan ta gina lambatu ya ƙare a iyakarta, gidajen waccan zai juye.

Maman Ihsan:
Don Allah a ba mata dama, don duk abin nan mu ya fi ci. Maza kuna fita da safe ku dawo da dare, mu ke wuni da warin kwata da sauro da yara.

A layinmu an sha fama da masu ƙwacen waya da masu haura katanga, sai maza suka yi taro suka haɗa kuɗi aka sa ƙofar ƙarfe a bakin layi, ana rufewa sha ɗaya na dare. Ba a tambayi mace ko ɗaya ba. Sata ta ragu, ban musa ba. Amma watan jiya naƙuda ta kama ƙanwata ƙarfe biyu na dare, haihuwar fari, ga jini. Mai riƙe da makulli ya tafi ƙauye biki da makullin a aljihunsa. Mai keke napep yana waje, mu muna ciki. A kan tabarma muka ɗauke ta, mu huɗu, muka ɗaga ta ta ƙaramar ƙofa tana kiran sunan Allah. Ta sauka lafiya, amma likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Har yau in na wuce ƙofar nan sai gabana ya faɗi.

Shamsu Sintiri:
Anti, Allah ya raya abin da aka samu, kuma wallahi abin da ya faru kuskure ne babba. Amma ina roƙon kada a ce a cire ƙofofi. Mu muke kwana a waje da tocila da gora. Layi mai baki huɗu mutum shida ba su iya tsare shi. Gyaran shi ne makulli ya zama uku, a gida uku da kowa ya sani, kuma mai gadi ya kwana a bakin ƙofa.

In kuna son ku san inda ɓarayi ke samun mu, ba ƙofa ba ce. Kangwaye ne da duhu. A layinmu kaɗai akwai kango biyar, an kai linta an bari shekara da shekaru, masu su suna Abuja ko Kano suna jiran fili ya yi tsada. Nan ake shaye-shaye, nan ake ɓoye abin da aka sato, nan ake jan yara mata masu talla. Da aka sa fitilun sola guda huɗu a kwanar makarantar allo, wurin ya koma dandalin yara da masu tsire, ɓata-gari suka bar shi da kansu. Mutane a waje su ne tsaro. Inda fitila ta mutu ba a gyara ba, cikin sati biyu za ka ga an koma gidan jiya. Kuma a ɗaga batirin sama sosai a yi masa walda, don na ƙasa ba ya kwana.

Maman Ihsan:
Shamsu, na yarda da makulli uku, amma ɗaya ya zauna a hannun mace. Mu ne ba mu zuwa ko'ina da dare.

Sista Rabi:
Ina goyon bayan Maman Ihsan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ƙara abin da muke gani a wurin aiki, don tsaro ba ɓarawo da gobara kaɗai ba ne.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha. Injiniya ya ce fuloti mita 15 da 30 ne. To in kowane gida ya haƙa rijiyarsa ya haƙa masansa, ina za a samu mita talatin? Ko ka nisanta naka, na maƙwabcinka yana jingine da katangarka. Da damina ta sauka ruwa ya kwanta a lungu, sai a fara kawo mana yara da amai da gudawa. Wanda ya yi aiki a 2021 ya san abin da kwalara ta yi a jihohin Arewa, har da nan. Maganin wannan ruwan famfo ne ko burtsatse ɗaya mai zurfi na shiyya, nesa da masai, kuma wannan ma fili yake so tun ranar yanka gona.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana haura digiri 40, kowa ya sani. Muna gina ɗaki da bulo da kwano, taga ɗaya ƙarama tana kallon katangar maƙwabci, mutum takwas a ciki, an sare dogon yaron ƙofar gida an yi shago. Lokacin ne sanƙarau ke yawo, kamar yadda ya yi mana a 2017, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana taimaka masa. Tsofaffi da jarirai su ke fara galabaita. Ku bi tsofaffin unguwannin ma'aikata inda aka jera dogon yaro tun da daɗewa, ku ji yadda iska take, sannan ku shigo sababbin shiyyoyinmu da rana tsaka. Itace ma wuri yake so a gefen hanya. Lungu mai mita uku ba ya ɗaukar bishiya.

Injiniya Nasiru:
Sista ta taɓo ruwa, bari in ƙara ɗaya. Ruwan da muke samu a shekara ba shi da yawa, amma a wata uku zuwa huɗu yake zubowa, mafi yawa a Agusta, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Garin yana kan tudu yana gangarawa fadamar Rima da gulbin Sakkwato. Duk wani kwari da ka gani a gona, hanyar ruwa ce, ko da shekara biyar ta yi a bushe. Da rani ake sayar da irin waɗannan wurare, mai saye bai taɓa ganin wurin da damina ba. A Satumbar 2010 ruwa ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya ci garuruwa a Goronyo da wasu wurare. Wanda ya ga wannan ba zai yi wasa da fadama ba. Shawarata ga duk mai sayen fili: ka je ka gan shi a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, kafin ka biya.

Ɗan Marina:
To yanzu inda an riga an gina fa? Don in maganar ta koma rusau, ni ba na ciki. Na ga yadda ake yi a garuruwa, a shafa jan fenti, katafila ta zo, talaka ya kwashi kwanonsa, mai hali kuma ginin sa na nan daram.

Barista Hadiza:
Akwai bambanci tsakanin rushe gida da janye abin da ya fito kan hanya. In gwamnati ta karɓi filin mutum mai haƙƙi don amfanin jama'a, doka ta ce a biya shi diyyar abin da ya gina. Dakali da gangare da rumfar da aka ɗora a kan hanya kuwa, tun asali ba filin mai su ba ne. Ni shawarata kada ku jira a zo muku da katafila. Ku auna da kanku, ku rubuta, mai unguwa ya sa hannu, ku kai wa kansila da hukumar tsara birane takarda ɗaya: ga abin da muka janye da hannunmu, ga abin da ya fi ƙarfinmu, wato matsar da turken wuta, lambatu, fitila, suna da lambar gida. Takardar da ta zo da sa hannun gida arba'in ba a ajiye ta kamar ta mutum ɗaya. Zan rubuta muku ita kyauta.

Abu Hafsat:
Na gode Barista, Allah ya biya ki. Jiya bayan isha'i na je wurin mai dakalin nan. Na yi zaton za mu yi faɗa. Dattijo ne, tun ranar gobarar bai fita masallaci ba don kunya. Kafin in gama magana ya ce a zo a fasa. Mai sokawen ya ce ya yarda, amma haƙa sabo a cikin gida kuɗi ne da ba shi da su yanzu, kuma gaskiya ya faɗa, ni ma lissafin da nake yi ke nan a kan nawa.

Mai wuyar ita ce wata baiwar Allah a ƙarshen layi. Mijinta ya rasu, shagon da ya fito mata da shi kan hanya da shi take ciyar da marayu biyar. Shagon ya ci fiye da mita ɗaya. Ban iya buɗe baki na yi mata maganar ba.

Malam Sidi:
Kada a je mata da guduma. Ba a gyara cuta da wata cutar. In shiyya na son hanyarta, shiyya ta haɗa kuɗi a mayar mata da shagon ciki, a fasa ƙofa ta jikin zaurenta, a gama sabon kafin a taɓa tsohon. Zan yi maganar a masallaci ranar Juma'a in mai unguwa ya amince, kuma zan fara da barandar masallacinmu, don ita ma ta fito.

Alhaji Garba Dillali:
Ku sa min buhun siminti biyar a kan shagon marayun. Kuma akwai gonar da za mu yanka bayan kaka ta hanyar Dange. Injiniya, in za ka zo ka kafa mana turakun nan kafin a fara sayarwa, zan shawo kan magadan. Ban yi alkawarin mita goma ba.

Injiniya Nasiru:
Zan zo Alhaji. Mu fara da babbar hanya ɗaya mita goma da ta ratsa gonar ta haɗu da ta maƙwabta, sauran mu yi ciniki a kansu a wurin. Abu Hafsat, ranar Asabar zan zo da tef da fenti. A samo min yara biyu masu riƙe igiya, kuma kowane maigida ya fito da takardar cinikinsa don mu ga ainihin iyakar da aka sayar masa.

Baba Duba-gari:
Ku fara gaida mai unguwa kahin ku aza tef ƙasa. Kada ya ji ga bakin wani.

Abu Hafsat:
In sha Allahu Baba, gobe da safe ni da Malam za mu je. Asabar bayan la'asar ke nan, a ƙofar gidan da ya ƙone. Maman Ihsan, matata za ta turo miki jerin kayan amaryar yau da dare, kuma ku zaɓo mata biyu da za su zauna a taron. Shamsu, ka ƙirgo mana kangwayen layin da fitilun da suka mutu, a sa su cikin takardar Barista. Wanda ya san mai haƙar sokawe mai sauƙin kuɗi ya yi min magana ta gefe, guda biyu za a haƙa, nawa da na maƙwabcina.